Hutun ƙanena a ƙauye

Ƙanena da ke horon ƙwarewa a fannin tiyata ya zo mana hutu nan wajen Ringim. Wallahi da ƙyar na gane shi. Ya rame, idanu sun faɗa, tuwon dawa da miyar kukar da yake so ma loma kaɗan ya yi.

Mutane gani suke da an zama likita an huta. Ina! Ya kwana a tsaye a ɗakin tiyata, gari na wayewa ya zagaya marasa lafiya, sannan ya koma kan littafi saboda jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ga binciken da dole ya rubuta kafin matakin ƙarshe. Abokan aiki da dama sun tafi Ingila da Saudiyya, nauyinsu ya dawo kan waɗanda suka rage.

Da sassafe maƙwabta suka cika zaure, wannan da gwaiwa, wancan da takardar asibiti. Inna ta aika musu: "Ku yi haƙuri, yau ɗana barci zai yi." Ta karɓe wayarsa ta jefa cikin kwalla. Sai bayan la'asar ya farka, ya bi Baba gona cirar gyaɗa.