Filasta a Hannun Hagu

Ɗan fari ne, don haka ko a gida ba na kama sunansa. "Yaron nan" nake cewa, kowa kuma ya san wanda ake nufi. A nan ma haka zan kira shi.

Tun yana aji uku na firamare aka gama yanke masa hukunci a makaranta: daƙiƙi. Rubutunsa kamar tonon kaza, b da d kullum suna musayar wuri a littafinsa, balle a zo ga masu ƙugiya. Karatun Hausa yana lallaɓawa a hankali, tunda yawanci yadda aka furta kalma haka ake rubuta ta. Turanci kuwa, inda harafi ɗaya ke fita da sauti kala-kala, nan yake tsayawa cak. A Islamiyya idan malam ya biya sau biyu ya haddace, amma a ɗora yatsa a kan layi a ce karanta nan, sai ya yi ta kallon takarda. Mun gwada mai lesin, mun je gwajin ido aka ce idonsa ƙalau, Hajiya, mahaifiyata, ta karɓo masa rubutu ya sha. Bulala ma, Allah ya yafe mini, na gwada.

Yana shekara goma aka haɗa mu da wata malama da ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero. Zama biyu ta yi da shi, sannan ta kira ni da mahaifiyarsa ta ce abin da yake da shi sunansa disleksiya. Ta ce ba ciwo ba ne da ake sha wa magani, ba kuma ƙarancin basira ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ce ke shan wahala wajen haɗa harafi da sautinsa, kuma sau da yawa abin kan zo tare da rikita hagu da dama, da wahalar riƙe umarni masu yawa da aka jero da baki. Ta ce a Birtaniya ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 yana da wani abu na wannan, kuma yana bin dangi. Ta ba mu labarin wani likita a Ingila, Pringle Morgan, wanda a 1896 ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu har sunansa yake juya wa haruffa, alhali yana da kaifin hankali kuma gwani ne a wasanni. Wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai, domin kamar ɗana likitan yake siffantawa.

Yaron nan a fili wani mutum ne daban. Lamba bakwai yake bugawa a wata 'yar ƙungiyar yara da ke atisaye a filin firamaren unguwarmu bayan la'asar. Gudu gare shi kamar barewa. Tun ranar da kawunsa ya kai shi filin Sani Abacha a Ƙofar Mata kallon Pillars, ba shi da zance sai na Ahmed Musa, wanda shi ma bakwai ya riƙa sakawa a Super Eagles. A filin nan babu mai tambayarsa na nawa ya zo a jarrabawa.

Wata Laraba na taso kasuwa da wuri, sai na tsaya a bayan katangar makarantar ina leƙe. Koci ya jera su ya ce: "Ka karɓa, ka ba lamba takwas, ka zaga ta hagu, ka shiga yadi na sha takwas ka jira." Yaron nan ne a gaban layi. Ya karɓa, ya bayar, ya zaga ta dama, ya yi karo da wanda ke tahowa. Aka maimaita, ya sake. Koci ya busa usur ya ce, "Kai ba ka ji ne, ko raini ne?" Tsallen kwaɗo daga wannan raga zuwa waccan, sau uku, sauran yara suna ƙirga masa. Ina tsaye ina gani, na kasa shiga. Wane uba ne zai ratsa fili a gaban jama'a don ya tare wa ɗansa na fari?

Da dare maganar ta raba gidan biyu. Mahaifiyarsa ta ce a faɗa wa kocin, ai ba zai hukunta yaro a kan abin da ya san ba da gangan ba ne. Hajiya ta ce sam. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji ta. "Yau ka ce yana da kaza a ka, gobe unguwa ta ce taɓin hankali ne, jibi ya je neman aure a tono masa. Ku ƙyale mini mijina." Na ɗauka tsufa ne kawai ke magana. Ashe ta fi ni sanin unguwar.

Na bi shawarar mahaifiyarsa, amma na yi ta a hanya mafi muni. Washegari ana tashi daga atisaye, magariba ta gabato, kowa na sauri, yara na zaune a ƙasa suna kwance takalma taku kaɗan daga inda muke. Na ja koci gefe, wai gefe. Kalmar disleksiya ta yi mini nauyi a baki, na ga ba zai gane ta ba, sai na ce, "Koci, yaron nan yana da 'yar larura a ƙwaƙwalwa, a riƙa yi masa a hankali." Matashi ne da bai wuce talatin ba, tela ne da safe, ƙwallon ma sha'awa ce ta sa yake yi, ɗan abin da iyaye ke bayarwa a wata bai fi na sayen ƙwallo da ruwan leda ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Subhanallahi. Alhaji, wallahi ban sani ba. Allah ya ba shi lafiya." Na hau mashin ina jin na sauke nauyi.

Garin neman gira na rasa ido. Tsallen kwaɗo ya tsaya, gaskiya ne. Amma tsawa ma ta tsaya, gyara ma ya tsaya. In yaron ya yi kuskure sai koci ya ce "ba komai" ya wuce. Ya hana shi sa kai a ƙwallo. Wasa biyu a jere ya bar shi a benci, domin, kamar yadda ya gaya mini daga baya, tsoro yake kada farfaɗiya ta kama shi a tsakiyar fili. Yaran da suka ji rabin maganata suka ƙarasa sauran rabin da kansu, suka sa masa suna Marar Lafiya. Sati na uku ya ce takalminsa na matse shi, ba zai je ba. Takalmin da bai yi wata biyu da saye ba.

Bai ce mini komai ba, ba zai iya ba. Mahaifiyarsa ya faɗa wa, ita ta kawo mini: "Can ne kaɗai ba a san ni da daƙiƙi ba, shi ne Baba ya je ya kai musu."

Sai a lokacin na lura cewa na yi shawara da matata, na yi da mahaifiyata, na kwana ina juya maganar, amma mai abin ban tambaye shi ba. Ko kusa tunanin bai zo mini ba. A gidajenmu ba a saba neman izinin yaro kafin a yi magana a kansa ba, kuma a abubuwa da yawa hakan daidai ne. Wannan kuwa sirrinsa ne, shi zai zauna da yaran nan bayan na tafi.

A kan mashin muka yi maganar, hanyar kai shi aski, yana bayana, babu mai kallon idon wani. Na ce na yi kuskure. Ya yi shiru har muka wuce shataletale guda. Sannan na tambaye shi mene ne yake rikita shi a atisaye. Ashe ya san amsar tsaf, ba a taɓa tambayarsa ba ne. Ya ce in koci ya jero magana huɗu, ta farko da ta ƙarshe kaɗai ke zama. Ya ce in ba shi ne a gaban layi ba, ya ga mutum biyu sun yi, ba ya kuskurewa. Ya ce hagu da dama sai ya tsaya ya tuna hannun da yake cin tuwo da shi, kafin nan ƙwallo ta wuce. Ƙaramin allon da koci ke zana wasa a kai yana ganewa in ɗigo ne da kibiya, amma da zarar an sa haruffan Turanci shi ke nan. Na ce in koma in faɗa wa koci waɗannan? Ya ce to, amma ba a fili ba.

A shagonsa na same shi da hantsi, shi kaɗai da kekensa. Wannan karon ban fara da sunan komai ba. Na ce, "Koci, na ɓata maka aiki, na zo in gyara. Yaron nan lafiyarsa ƙalau, ba ya faɗuwa, ba ya shan magani. Ka sa shi ya sa kai, ka yi masa tsawa, in ya makara ka ba shi tsallen kwaɗonsa kamar kowa. Karatu ne ke ba shi wahala, da hagu da dama, da magana mai tsawo." Na jero masa abin da yaron ya faɗa mini. Ya dakatar da keken ya ce, "Haba Alhaji, ai da haka ka ce tun farko. Wannan ai aikina ne." Sai ya yi ɗan shiru, ya ce yana zargin akwai yara biyu a ƙungiyar masu irin wannan, kuma ya daɗe yana ba su horo a banza.

Dabarun da suka biyo baya nasa ne, ni ban san ƙwallo haka ba. Ya daina cewa hagu da dama a atisaye, ya koma "wajen masallaci" da "wajen titi". Ya mayar da yaron na uku a layi ba tare da ya sanar da kowa dalili ba. Sanarwar wasa da yake rubutawa iyaye a WhatsApp ya koma yin ta da murya, abin da iyaye da yawa suka ji daɗinsa ba su san mafarinsa ba. A wasan waje, inda babu masallacinmu babu titinmu, sai ya naɗa masa farin filasta a wuyan hannun hagu, ya riƙa ƙwala masa "filasta!" in yana so ya ratsa ta can. Akwai ranar da yaron ya ci biyu, kocin ɗaya ɓangaren ya je wa alƙalin wasa da ƙorafi wai laya ce a ƙarƙashin filastan. Aka ɓare a gaban kowa, babu komai sai gumi. Sunan Marar Lafiya ya mutu a ranar, Mai Laya ya maye gurbinsa, wannan kuwa har alfahari yake da shi.

Hajiya ba ta ce na yi daidai ba, ba ta kuma fasa cewa ta faɗa mini ba. Amma wani dare ta kawo zancen ƙanena da ya gudu daga makaranta a aji huɗu bayan an gaji da dukansa, wanda yau bakanike ne da ke gane ciwon inji da kunne kafin a buɗe bonet. Ta ce, "Ko shi ma abin nan ne?" Na tuna malamar ta ba mu labarin Jackie Stewart, ɗan Sikotilan da ya zama zakaran tseren mota na duniya sau uku, a 1969 da 1971 da 1973, wanda bai san yana da disleksiya ba sai yana shekara 41, lokacin da aka gwada ɗansa. Na faɗa mata. Ta ce Allah sarki, ta daɗe ba ta sake magana ba.

Abokai biyu sun tambaye ni tun daga nan ko su ma su faɗa wa masu horar da 'ya'yansu. Ɗaya ɗansa sikila gare shi. Na ce masa wannan ba abin shawara ba ne, sikila da asma da farfaɗiya dole koci ya sani tun ranar farko, domin rai ake magana. Matsalar koyo daban take. In ba ta taɓa wasan ba, yaro na jin daɗinsa, koci bai ga komai ba, ban ga dalilin ɗauko kayan aji a kai fili ba. In kuwa ana hukunta shi a kan abin da ba ya iya sarrafawa, shirun iyaye ya zama haɗin baki. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, amma ba doka ce za ta bi yaro filin firamare bayan la'asar ba. Abin da ke aiki a can shi ne mutumin da ke riƙe da usur ya san me zai yi da hannunsa gobe. Sunan larura bai ba kocinmu wannan ba, tsoro kawai ya ba shi. Kuma na yi sa'ar mutum. Da na faɗa wa mai sakin baki ko mai izgili, magana zarar bunu ce, ba ni da hanyar mayar da ita. Yanzu kafin in buɗe baki sai na tsaya bayan katanga na ga yadda mutum yake yi da yaron da ya fi kowa rauni a ƙungiyarsa.

Bana yaron nan ya haura rukunin 'yan ƙasa da shekara 15, wurin wani koci dabam, tsohon ɗan wasa mai zafin rai. Daren da zai fara, na tambaye shi ko in je. Ya ce a'a, shi zai yi da kansa. Na ce me zai ce? Ya ce zai ce, "Koci, ni in an nuna mini na fi ganewa a kan a faɗa mini." Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, sauran ba ruwan koci da shi tukuna.

Washegari na taso kasuwa da wuri, na tsaya a inda na saba. Na hango shi ya je ya rusuna ya yi magana, kocin ya gyaɗa kai yana duba agogo. Da aka jera layi, da kansa ya ja baya ya bar mutum biyu suka shiga gabansa. Filastan yana hannunsa, shi ya naɗa abinsa tun daga gida.