Daren da na yi ƙwallo da butar Inna

Shekaranjiya wajen ƙarfe tara na dare aka ɗauke mana wuta a nan Garwa, kun dai san yadda ake yi in zafi ya kankama, kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida. Ni ina kwance ina ta latse-latsen waya kusan awa guda, sai ƙishi ya kama ni na miƙe zan je randa, taku biyu kawai na yi na kwashi butar alwalar Inna da ƙafa, ruwan ya malale har ƙarƙashin tabarmarta. Ta ce "kai wai makancewa ka yi ne, ga buta ƙiri-ƙiri a gabanka?" Wallahi ni ban ga komai ba, duhu ne baƙi ƙirin a idona, amma ita da take kishingiɗe tun ɗazu tana jan carbi tana ganin butar, tana ganin igiyar shanya, har kyanwar maƙwabta da ke kan katanga ta gani.

Ƙanwata mai karatun aikin jinya sai da ta ci dariyarta ta ƙoshi, sannan ta ce "Yaya zo ka ga wani abu." Ta miƙo min wayarta ta ce in kunna tocila in haska mata ido daga gefe. Ina haskawa sai na ga ɗigon baƙin nan na tsakiyar ƙwayar idonta ya tsuke nan take, ko daƙiƙa guda bai ɗauka ba, na kawar da hasken ya fara buɗewa a hankali. Mu da yake idanunmu masu duhu ne ba ma lura da abin, sai ka matso kusa sosai za ka bambance baƙin tsakiyar da ruwan ƙasan da ya kewaye shi.

Ashe ɗigon nan ba wani abu ba ne, ƙofa ce kawai, rami ne da haske yake bi ya shiga. Baƙin da kake gani irin na ƙofar ɗaki ne in ka hango ta daga tsakar gida da rana tsaka. Tsoka iri biyu ke aikin, ɗaya ta zagaye ramin kamar zariyar wando in ta ja sai ya tsuke, ɗayar kuma ta bazu kamar wayoyin tayar keke tana ja baya ya buɗe. Kuma ba kai ke ba su umarni ba, ko rantsuwa ka yi ba za ka hana su ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta kafa tafin hannunta a kan karan hancinta ta raba fuskar biyu, ta ce in haska na dama kaɗai in kalli na hagu. Na hagun da haske bai taɓa shi ba shi ma ya tsuke! Ta ce ai saƙon sai ya bi jijiya ya je ƙwaƙwalwa tukun, daga can umarni yake dawowa ga idanun duka biyu a tare. Shi ya sa in an kai wanda ya faɗi a moto lopital za ka ga likita ya ɗaga masa fatar ido yana haska 'yar tocila, ni da can na ɗauka yana duba ko da rai ne kawai, ashe in ɗaya ya buɗe wangam ya ƙi motsi alama ce mai yiwuwa jini yana danne ƙwaƙwalwa a ciki, kuma abin gaggawa ne.

To ni sai na ce shi ke nan na gane, ƙofar idona ce ba ta gama buɗewa ba shi ya sa na ci karo da buta. Ta ce a'a Yaya, wannan ɗan kaɗan ne a cikin labarin, kuma nan ne ni kaina ya ɗaure har na kwana ina juya maganar. A cikin haske mai ƙarfi faɗin ramin yana sauka wajen milimita 2, a duhu sosai yana kai wa 8 a wurin yaro matashi. Faɗi ya ninka sau 4, hasken da ke shiga ya ninka sau 16 ke nan. Amma hasken rana ya fi na wata ɗan daren sha huɗu kusan sau 400,000, kuma a dukansu muna gani mu yi tafiya. Ina 16 ina 400,000? Kun ga ƙofar ita kaɗai ba za ta iya wannan aikin ba.

Babban aikin a can bayan ido ake yinsa, a tantanin da haske yake sauka. Akwai ƙwayoyi iri biyu, na rana masu ganin launi, da na dare waɗanda sun fi yawa nesa ba kusa ba, wajen miliyan 100. Na daren suna da wani sinadari da haske mai ƙarfi yake kashe masa kaifi, in ka shiga duhu sai sun sake haɗa shi sannu a hankali, kuma abin yana cin minti 20 zuwa 30 kafin ya kammala. Ƙofa ta buɗe cikin 'yan daƙiƙu amma na cikin ɗakin ba su shirya ba. Inna ta yi awa guda a duhu nata sun cika, ni kuwa na manna fuska a waya. Abin dariyar ma ita ce ya kamata ta fi ni shan wahala, don ramin idon tsofaffi yana ƙanƙancewa da shekaru, ba ya buɗewa kamar namu, duk da haka ta ci ni wasa.

Waɗannan na daren ba sa ganin launi, shi ya sa a farin wata jan zane da kore duk toka-toka suke zama. Kuma sinadarin nasu da bitamin A ake yinsa, wanda ya rasa shi sai dundumi ya kama shi, magariba na yi ya fara lalube. Hanta, zogale, manja, mangwaro nunanne duk suna da shi, ga shi kuwa yanzu mangwaro ya fara cika kasuwa.

Tun daga nan na ƙara jin haushin 'yan kalando, masu haya da moto, da ke ɗaura farar fitilar nan mai kashe ido. Kana tafe a kan gudron da dare idonka ya saba da duhu ƙofa a buɗe, sai wani ya dallare ka, ya wuce abinsa ya bar ka kana tuƙi a makance na ɗan lokaci, ga ramuka ga masu tsallaka titi ga awaki. Kai ma da kake tsayawa ka duba saƙo a waya sannan ka ja moto ka shiga lungun da ba fitila, kusan abin da kake yi wa kanka ke nan.

Da gari ya waye na kama akuyar Inna na leƙa idonta. Nata ramin a kwance yake kamar ƙofar asusu, na kyanwa kuma a tsaye kamar tsagar reza in rana ta fito. Ƙanwata ta ce kwanciyar tana ba akuya damar hango gefe da gefe ko wani abu na lallaɓo ta, wai ko ta sunkuya cin ciyawa idon yana juyawa ramin ya zauna a kwancensa. Na zuba mata dusa na tsuguna ina jira ta sunkuya in gani da idona, Inna ta leƙo daga madafa ta ce "jiya buta yau akuya, kai lafiyarka kuwa?"