Kada Ku Raina Kakin Ɗan Sanda a Gaban Kyamara

Ƙannena masu sha'awar wasan kwaikwayo na talabijin, idan daraktoci suka ga ƙirar jikinku ko amon muryarku ya dace da ɗan sanda, za su yi ta kiranku a kan wannan matsayi shekara da shekaru. Ni na ɗauki wannan kira a matsayin raini, domin a ganina jarumin shiri ya kamata in zama. Saboda haka duk sa'ad da aka miƙo mini kaki, sai in sa ba tare da na karanta labarin har ƙarshe ba, in zare ido, in daka tsawa, in bugi tebur, in karɓi sallamata in kama gabana. Kofur ɗin jiya da sufeton gobe duk mutum ɗaya ne a hannuna, har masu kallo suka haddace ni, kiran kuma ya fara ja da baya.

Abin da ban yi ba a lokacin, wanda nake roƙonku ku yi, shi ne lura da masu aikin na gaskiya. Jami'in da ya daɗe yana bincike ba kasafai yake ɗaga murya ba. Yakan ajiye biro, ya yi shiru har shirun ya dami wanda ake tuhuma, sannan ya maimaita tambayar ɗazu kamar ya manta amsar. Wannan natsuwar ce kyamara ke so, domin tana kama ƙiftawar ido da motsin leɓe, kuma ihu yana binne su duka.

Ku dubi Dennis Franz na Amurka. Ya fito a matsayin 'yan sanda biyu mabambanta a cikin shirin Hill Street Blues kaɗai, kafin ya zama Andy Sipowicz a NYPD Blue daga 1993 zuwa 2005. Ba shi ne aka fi sa wa ido ba da farko, amma bayan David Caruso, jarumin shirin a lokacin, ya bar shirin a 1994, Franz ya zauna har ƙarshensa, yana nuna jami'i mai zafin rai wanda ke fama da shan giya yana kuma ƙoƙarin gyara kansa. Sau 4 ya ci lambar yabo ta Emmy da wannan matsayi.

Don haka kafin ku ɗaura bel, ku tambayi darakta ko marubuci shekara nawa wannan jami'i ya yi a bakin aiki, wa yake tsoro a ofis, kuma me ya baro a gida da safe. Idan ba su da amsa, ku zauna ku samo ta da kanku, ko da fitowar taku ba za ta wuce minti biyu ba.