Guzurin daji da injin busar da abinci

Ni sana'ata haɗa guzuri ce, busasshen abinci nake yi wa masu doguwar tafiya da masu kwana a daji, direbobin tirela masu yin Kano zuwa Legas, masu haƙa rijiyar burtsatse da ake turawa ƙauyen da ko mai shayi babu, sai kuma jefi-jefi 'yan yawon buɗe ido masu zuwa Yankari ko Mambilla. Mutum ya tafasa ruwa ya zuba a leda ko a kula ya rufe, minti 15 zuwa 20 ga dafa-duka da zafinta.

Busar da abinci ai ba baƙon abu bane a wurinmu, kauɗar tumatir da kuɓewa da kuka da kilishi duk rana ce take mana aikin. Amma rana sai da rani, damina na kamawa fumfuna ce kawai, ga ƙura ga ƙuda, sannan dafaffiyar shinkafa da wake ba a shanya su a tabarma, kafin su bushe sun yi tsami. Shi yasa dole sai inji.

Masu tambayata wanne zasu saya, kala biyu ne a kasuwa. Akwai mai zagaye da ake jera farantansa ɗaya kan ɗaya, fankarsa a ƙasa ko a murfi, yana da arha amma farantin da yake kusa da fanka shi yake riga bushewa, sai kina ta sauya musu wuri, in fankar a ƙasa take kuma romo yana ɗiga mata. Akwai mai siffar akwati da fankarsa take baya irin na kamfanin Excalibur, iska tana bin duk farantan daidai, gaskiya in sana'a zaki yi shi zaki nema ko da kuɗin ya ɗan ciza. Kuma don Allah kar ki ɗauki wanda ba a saita zafinsa, kunnawa da kashewa kawai, domin ganye irin zogale da alayyahu wajen digiri 52 na ma'aunin Celsius suke so, mangwaro da ayaba 57, nama kuwa sai ya kai wajen 70. In zafi yayi wa tumatir yawa bayansa zai ƙeƙashe cikin yana da danshi, kina ganinsa kamar ya bushe, sai an ɗaure a leda ya fara wari. Ki duba bayan injin kuma kafin ki biya, 'yan gwanjon da suke zuwa daga Amurka yawanci masu wutar volt 110 ne, wutarmu 220 zuwa 230 ce, kina jonawa ba taransifoma ya ƙone.

Wuta ita ce babban ciwon kan aikin nan wallahi. Injin ba wani cin wuta yake sosai ba, na gida daga wat 400 ne zuwa 1000, amma awa 8 zuwa 12 yake so a jere, in NEPA suka ɗauke a tsakiya nama yana da ɗumi da danshi to ƙwayoyin cuta sun samu gida. Bana fara nama sai janareta da mai a ciki, kuma kuɗin man nan yana cikin farashina, ina gaya wa kwastoma ƙarara.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne mai. Ruwa ne yake fita a inji, mai baya fita, yana nan kuma in ya daɗe sai ya canza wari. Dafa-dukar guzuri da mai ɗan kaɗan nake dafa ta, naman ja zalla ba kitse, in dafa shi ya nuna tukuna in daka kamar na dambu sannan ya hau faranti, man gyaɗa kuma a 'yar kwalba daban, sai an zo ci a zuba. Wasu suna cewa Hajiya ai da kin sa man kawai, nace a'a, mutumin da yake daji ba asibiti kusa ba zan yi wasa da cikinsa ba.

In na sauke sai ya huce sarai, in zuba a kwalba in rufe in ajiye. Da na ga gumi a jikin kwalbar ya koma inji. Wake in ya bushe da gaske tsakanin yatsu yake farfashewa, shinkafa kuma in kin girgiza zaki ji tana ƙara. Daga nan sai leda mai kauri, a zuƙe iskar da injin liƙi, in rubuta ranar da aka yi da yawan ruwan da za a zuba. Albasa da attaruhu kuwa a tsakar gida nake kunna musu injin, a ɗaki ba mai iya zama, yara har hawaye suke.