Taku uku ne suka ja min asara a hawashar Kawu

Har yau in na tuna safiyar nan ta watan Nuwamban 2022 sai raina ya sosu wallahi. Ni ɗan Mai Wurno ne kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, tun ina yaro nake son kallon tsuntsaye, wasu na cewa aikin marasa aikin yi ne, ni dai ko a jikina. A lokacin shamuwa ta riga ta tafi, an fara yankan dawa, masu alkama kuma na ta shuka suna ban ruwa, to a irin wannan lokacin ne dinya ke sauka gonaki da sassafe tana kiwo.

Kawuna yana da hawasha, gonar noman ban ruwa kenan, a yankin Jazira, arewa da Sinnar, ruwanta daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925 yake zuwa. Can na kwana. Na aro minzar, madubin hangen nesa kenan, wajen wani abokina malamin makaranta da ya sayo a Jidda, yana ji da shi kamar ƙwai, sai da na yi ta rantse-rantse kafin ya ba ni.

Muna idar da asuba muka zauna bakin tur'a, magudanar ban ruwa kenan, a bayan tarin karan dawa. Gari na fara haske sai ga dinya, na ƙirga sun haura arba'in, manyan nan baƙaƙe masu ciki fari da jan baki, waɗanda ke da ƙaho kamar ƙaya a gwiwar fiffike, gefe kuma ga ƙananan masu ruwan ƙasa da zoben duhu a ido kamar an ranbaɗa musu kwalli. Ina cikin bin su ɗaya bayan ɗaya sai na hango wani daban a tsaye shi kaɗai inda ruwa ya kwanta, kai da ƙirji fari fat, baya baƙi wuluk. Nawras, tsuntsun bakin teku! Irin mai baƙin bayan nan yana ƙyanƙyasa ne can wajen Finland da Sweden, sanyi na shigowa ya yo kudu har tafkin Victoria, amma ni ban taɓa ganinsa a cikin gona ba. Abu ɗaya ya rage in tabbatar, launin ƙafa, in rawaya ce to shi ne, ga kunya ta tare min ƙafafun.

Kawu ya riƙo hannuna yace, ɗana kar ka sauka, shekaranjiya aka sakar wa wannan wajen ruwa. Nace Kawu taku uku kawai zan yi. Taku ukun nan fa. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Jazira ya san halinta, sama ta sha iska kamar ta bushe ƙasa kuwa kunu ce, na biyu lafiya, na uku na nutse har gwiwa na kifa, ga farar jallabiya a jikina, garken nan gaba ɗaya ya tashi da ƙarar fiffike, nawras ɗin ma ya bi su. Minzar kuwa ban rataya igiyarsa a wuya ba, a hannu yake, sai cikin laka. Da muka lalubo shi ruwa ya riga ya shige ciki, na shanya shi kwana huɗu, hazo bai fita ba.

Tunkiyata na sayar na biya abokina, bai ce min komai ba amma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Kawu kuma sai da ya sake gyara kunyar da na tumurmushe da irin alkamarsa a ciki.

Don Allah in za ku fita ku rataya igiyar nan tun daga gida, ku sa kaya masu duhu, ku tambayi mai gona yaushe aka yi ban ruwa, in ya faɗa kuma ku ji. Abin da ya fi ƙona min rai, da na zauna minti goma kacal da tsuntsun ya tako da kansa ya fito fili, don dama tafiya yake yi a hankali yana nufo mu.

Na yi niyyar komawa kakar da ta biyo, sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Kawu ma ya bar hawashar. Har yanzu a littafina gurbin launin ƙafar nan babu komai a ciki.