Ƙirgen da ke farawa daga sifili

Yau da yamma na shafe kusan awa guda ina fama da layi biyu kacal na Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, wanda na fara koyo makonni uku da suka wuce. Na jera sunayen ranakun mako, na nemi kwamfuta ta fito mini da ta ƙarshe ta hanyar rubuta lamba 7, sai ta mayar mini da saƙon kuskure cewa lambar ta wuce iyakar jerin. Na bi sunayen da yatsa har sau uku, bakwai ne cif, na duba waƙafi da alamomin zance, babu wanda ya ɓace. Sai da na gwada lamba 1, ta ba ni Litinin maimakon Lahadin da na sa a farko, sannan na gane cewa a wannan yare ƙirge daga 0 yake farawa, don haka Asabar tana kan 6.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na dage da zargin na'urar, har na kashe ta na sake kunnawa, alhali gaskiya saƙon ya faɗa tun farko. Ashe lambar tana nuna tazarar abu ne daga farkon jerin, shi ya sa ta Lahadi sifili ce. Na fahimci dalilin yanzu, amma ina jin zai ɗauke ni kwanaki kafin hannuna ya daina rubuta 1 idan ina neman abu na farko.