Habbatussauda ta tsiro a Tawa, amma sai da ta kwana cikin randa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu garka. Albishirinku! Habbatussaudar nan da na ishe ku da kukanta tun bara ta tsiro, kuma ba ɗaya-biyu ba, layi ne ya fito reras, kore shar, a farkon Nuwamba, a cikin garin Tawa. Waɗanda suka ce in haƙura in koma wa zogalena, na gode da shawara, amma yau ku bar ni in ɗan yi fahari.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, ruwa da taki ba su taɓa zame mini matsala a kanta ba. Lokaci ne ya hana ni barci. Habbatussauda shukar sanyi ce. A Masar da Indiya, inda ake nomanta sosai, wajen Oktoba ko Nuwamba ake shuka ta, a girbe a Maris ko Afrilu, don tana cin wata huɗu zuwa biyar kafin ƙwayar ta nuna. Su can sanyinsu yana da tsawo. Namu na Adar kuwa gajere ne. Sai Disamba ɗari yake sauka da gaske, dare ya riƙa kaiwa digiri 15 ko ƙasa da haka, kafin ka ankara Fabrairu ya wuce, Maris ya shigo da zafinsa, a Afrilu da Mayu kuma rana ta haura 40 kusan kullum. In ka shuka a Disamba za ta tsiro lafiya lau, amma furenta zai zo daidai lokacin da bazara ta kunno kai. Bara na gani da idona: fure mai kyau, kwanso ya kumbura har na fara murna, da na fasa sai 'yan motsattsun ƙwayoyi da ko baƙi ba su yi ba. In kuma ka ce bari ka riga bazara ka shuka a ƙarshen Oktoba, ƙasa ba ta huce ba tukuna, sai irin ya kwanta shiru ya ƙi motsi. Gaba kura, baya sayaki.

Ma'aunin zafi ne ya fara warware mini zaren. Na jikin mutum da ake sayarwa a farmasi ba ya wannan aiki, iyakarsa 42 ko 43, daga nan ya tsaya. Sai da na sa aka sayo mini mai tsinken ƙarfe daga Yamai, irin wanda ake sokawa cikin abinci. Jaka bakwai har da kuɗin aike, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Amma ranar da na fara soka shi a ƙasa na daina jin haushin mai shagon. Rediyo ya ce zafin Tawa 36. Na soka cikin baƙar ledar reno da azahar, ta ɓangaren da rana ke duka, ya nuna kusan 50. A fangalin da ba rumfa, zurfin yatsa biyu, ya haura 40. A ƙarƙashin zana ya tsaya wajen 33. Da asuba kuwa dukkansu sun sauko kusa da 22, ba bambanci. Zafin da ake faɗa a rediyo na iska ne, a inuwa ake auna shi, sama da ƙasa da mita ɗaya da rabi ko biyu. Iri ba a can yake zaune ba.

Kowane iri yana da iyakokinsa uku: sanyin da in an yi ƙasa da shi ba zai motsa ba, zafin da ya fi masa daɗi, da kuma wanda in an wuce shi zai rufe bakinsa. Hawan daga ƙasa zuwa tsakiya a hankali yake, amma faɗowa daga tsakiya zuwa iyakar sama da sauri take, shi ya sa ƙarin digiri biyar kawai yake iya raba ka da tsiro gaba ɗaya. Hatsinmu, wato gero, ɗan gida ne, tsakanin 30 da 35 ya fi jin daɗi, kuma yana jure abin da ya wuce 40. Salati kuwa da yawansa ya kan ƙi tsirowa da zarar ƙasa ta kai 30. Habbatussauda 'yar gidan su salati ce a wannan hali, ƙasa da 25 take so.

Abin da ya hana ni fid da rai shi ne wasu ledoji da na jibge gindin katanga bara bayan sun ƙi fitowa. Ban ƙara kula su ba, sai ɗan ruwan alwala da ke fantsama musu. Da ɗari ya sauka a Disamba sai ga tsiro jefi-jefi a cikinsu. Ashe irin da ransa, zafi ne ya sa shi yin likimo yana jiran ƙasa ta huce. Wanda ya ruɓe shi ne wanda ya daɗe cikin laima da zafi tare.

Na kai maganar wurin wani dattijo mutumin Galmi da ke sayar da irin albasa a kasuwa, don su tun Oktoba suke zuba iri kuma yana fitowa. Na ce, "Baba, ku ya kuke yi da zafin nan?" Ya ce, "Ɗana, ba a ba ƙasa iri da rana tsaka. Ka jiƙa ta da la'asar, ka bari ta huce, ka zuba da magariba, ka rufa mata kara. In salati ne kuwa, ƙunshe shi ake yi a jiƙaƙƙen tsumma a ajiye gindin randa, sai ya yi baki a kai shi fangali." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," na sayi irin albasar da ban yi niyya ba don kunya, na taho.

Gindin randa kaɗai bai ishe ni ba, da na auna wurin da rana yana kusan 28. Firiji kuma ya wuce gona da iri, digiri 4 ko 5 ne a ciki, iri zai adanu amma ba zai tsiro ba, balle wutar da ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Sai na tuna da tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Na sami tsohuwar randa mai faɗin baki, na zura ƙaramar tukunyar ƙasa a ciki, na cika tsakaninsu da rairayi, na jiƙe shi sharkaf, na rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara, na ajiye a zaure inda iska ke ratsawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa, yana tafiya da zafin. Busasshiyar iskarmu da muke kuka da ita tana fasa mana leɓe, a nan ita ce mai aikin, don gwargwadon bushewarta gwargwadon sanyin da za ka samu. Da azahar, waje yana 35, cikin tukunyar bai wuce 22 ko 23 ba. Na auna na sake aunawa don ban yarda ba. Ku lura dai, randar da aka shafe da siminti ko fenti ba za ta yi ba, sai wadda ke tsattsafo, kuma safe da yamma sai ka ƙara wa rairayin ruwa.

Tsumman farin auduga na samu, na tafasa shi don gudun fumfuna, na matse har ya daina ɗiga. Na baza ƙwayoyin ɗaya-ɗaya yadda ba su taɓa juna ba, na ninke, na sa cikin kwano a tukunyar. Duhun ciki ma ya taimaka, don wannan iri ya fi son tsirowa a duhu. Kullum bayan sallar asuba sai in buɗe in duba da tocilan. Da farko kumbura kawai suka yi, baƙin ya ƙara sheƙi, ƙamshin nan nata ya cika tsumman. Kafin mako ya cika sai na ga wata ta tsage ta wajen tsininta, wani ɗan farin abu ya leƙo. Na kira mai ɗakina ta zo ta gani. Ta leƙa ta ce, "Malam, a kan wannan ɗan abin ka hana ni randata?" Washegari fiye da rabi sun yi baki.

To ba a nan gizo ke saƙar ba. Habbatussauda ba ta son dashe, saiwa guda take turawa ƙasa, in ta karye shi ke nan. In ka bar ta a tsumma saiwar ta kama zaren, ba ka cire ta lafiya. Don haka tun farin bakin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba nake ɗauka da jiƙaƙƙen tsinke in kai fangali, da magariba, yadda Baba ya ce, zurfin santimita ɗaya, in barbaɗa tankaɗaɗɗen rairayi da ɗan tsohon taki. Aiki ne mai karya ƙugu, sauro kuma yana nasa. Amma irin da ya riga ya yi baki ba ya komawa barci, ya wuce wurin da zafi ke tare shi.

Sai dai zafi bai ƙyale ni ba, ya koma kan tsiron. Na yi wa fangalin rumfar zana mai tsawon gwiwa, gefe a buɗe don iska. Ta yamma rumfar ta gaza da kamar taki guda, ranar la'asar tana shigowa ta nan. Duk tsiron da ke wannan gefen ya kwanta, na ji abin har cikin raina. Da na tsuguna na duba, karan ya yi fari ya tsuke daidai inda ya taɓa ƙasa, ta gefen da rana ke duka, kuma a bushe yake ƙayau. Ku bambanta wannan da ciwon ruɓewar gindi da yawan ruwa ke kawowa: shi gindin ya kan yi duhu, ya yi laushi, kuma ya fi kama na cikin inuwa. Wanda bai duba da kyau ba zai ɗauka ciwo ne ya rage ruwa, ƙasa ta ƙara bushewa ta ƙara zafi, ya ƙarasa sauran da hannunsa. Fatar rairayi a ƙasarmu tana iya haura 55 da rana tsaka. Ko hatsi da taurin kansa tsironsa yana ƙonewa in aka yi shuka ruwa ya ɗauke, kuma masu binciken ICRISAT, ƙungiyar binciken noma ta duniya da ke da cibiya a Sadore kudu da Yamai, sun daɗe suna aiki a kan wannan. Balle 'yar shukar da karanta bai kai kaurin zare biyu ba. Na ƙara zana ta yamma, na yayyanka karan hatsi ƙanana na shimfiɗa tsakanin layuka, zafin saman ƙasar ya sauko sosai.

Inuwar ma in ta yi yawa wata matsalar ce. Na tsakiyar rumfa sun fara miƙewa dogaye sirara suna neman haske, don dare bai yi sanyin da zai rage musu gudu ba. Yanzu ina yaye rumfar daga asuba zuwa hantsi, in mayar, in sake yayewa bayan la'asar sakaliya. Ruwa kuma daga randa nake ba su. Na taɓa soka ma'aunin cikin jarkar da ta yini a rana, ya nuna 45, tun daga nan ba na ba tsiro ruwan jarka ko na tiyo sai ya kwana.

Tukunyar nan ta zame mini wurin gwajin iri ma. Habbatussaudar kasuwa don ci aka kawo ta, ba wanda ya san shekarunta. Akwai wadda na saya a wani shago jaka biyu, na sa ta tsumma ɗaya da mai kyau, ko guda ba ta yi baki ba. Da a fangali ne da zafi zan ɗora wa laifi. Ku sayi kaɗan, ku gwada ƙwaya ashirin, in mako biyu ya wuce shiru ku dafa shayi da sauran.

Sauran shuke-shuken ba su da labari mai yawa. Hulba ta fito cikin 'yan kwanaki ba tare da randa ba, rumfa kawai. Zogale kuwa akasin habbatussauda ne, tsakanin 25 da 35 yake so, yanzu yana fitowa da ƙarfinsa, amma a Janairu zai yi nawa har wani ya ruɓe, lokacin ne baƙar ledar da nake zagi za ta yi rana, a jera ta inda hantsi ke bugawa a rufe da dare. Bagaruwa na zuba mata tafasasshen ruwa na bar ta ta kwana a ciki, amma wannan zafin na fasa taurin ɓawo ne, kada wani ya gwada shi kan habbatussauda ko zogale, dafa su zai yi. Wanda ya tambaye ni irin dogon yaro ya yi haƙuri sai sabo ya faɗo, don 'yan makonni kawai yake yi da rai kuma ba ya son firiji. Mutanen kwarin Majiya, a nan jihar Tawa, da aka fara dasa musu layukansa na tare iska tun 1975 sun fi ni sanin wannan.

Lissafina shi ne in fure ya zo a Janairu, ƙwaya za ta cika kafin Maris ya yi nisa. Rumfar zan cire ta gaba ɗaya da zarar zafin ƙasa da azahar ya daina wuce 30. Masu garka a Tabalak da Ƙonni, in akwai mai ma'auni a cikinku, don Allah ya soka mini shi zurfin yatsa biyu da ƙarfe biyu na rana, a fangali mai rumfa da marar rumfa, ya turo mini abin da ya gani. Ina zargin ƙasarku ta bakin tafki ta fi tawa sanyi, in haka ne baɗi can zan kai rabin irin.